Tambayoyi da amsoshi: zaɓen sabuwar ƙaramar jif da za ta daɗe tana hidimar iyali

Wanda zai riƙe mota shekara goma, lissafinsa daban yake da na wanda zai sayar bayan shekara uku. Shi ne zai ga ranar da garanti ya ƙare, shi zai biya kuɗin giyabos idan ya samu matsala, kuma jaririn da yake ɗaurewa a kujerar baya yau zai miƙe ya fara ƙorafin matsatsi motar tana nan ba ta je ko'ina ba. Da irin wannan mai saye aka tsara amsoshin nan.

Wace mota ake nufi da ƙaramar jif, kuma me ya raba ta da babbar?

Motoci ne masu kujeru biyar da ɗan tashi daga ƙasa, tsawonsu yakan kama daga mita 4.4 zuwa 4.7. Toyota RAV4 ta fito a 1994, Honda CR-V ta biyo baya a 1995, Subaru Forester a 1997. Kasuwa kuma ta cika da irinsu: Nissan X-Trail, Kia Sportage, Hyundai Tucson, Volkswagen Tiguan, sai Mazda CX-5 a 2012.

Bambancin yana ƙarƙashin mota. Babbar jif irin Land Cruiser, bodinta a kan shasi na ƙarfe daban aka ɗora shi, kamar na motar ɗaukar kaya. Ƙaramar kuwa bodi da shasi a haɗe suke, irin ƙirar salun. Shi ya sa ta fi sauƙin nauyi, ta fi ƙarancin shan mai, ta fi laushi a kan kwalta. Kuma shi ya sa ba za ta jure dukan da babbar take jurewa ba idan kullum a kan duwatsu da ramuka take, ko tana jan kaya mai nauyi.

Me zai hana in sayi salun, ko kuma babbar motar iyali mai kujeru bakwai?

Babu abin da zai hana. Salun mai inji iri ɗaya ta fi jif ƙarancin shan mai saboda ta fi kwanciya kuma ta fi yanka iska, tayoyinta sun fi araha, kuma ta fi zama daram a kwana. Abin da jif ta fi ta da shi abu uku ne: tsayin kujera, ta yadda ba sai ka duƙa har ƙasa ba wajen ɗaure yaro, kuma dattijo zai shiga ya fita ba tare da an ja hannunsa ba, faɗin bakin but, da tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa.

Idan yaranka sun wuce uku, ko kana sa ran za su wuce, to ƙaramar jif ba taka ba ce. Akwai waɗanda ake saka musu layin kujeru na uku, kamar wasu X-Trail da Mitsubishi Outlander da doguwar Tiguan, amma wannan layin na ƙananan yara ne a gajeriyar tafiya, kuma da zarar an ɗaga shi but ya kusan ƙarewa. Iyali mai yawa, motar da ke da ƙofa mai zamewa irin Toyota Sienna ko Kia Carnival ta fi musu kowace jif, ko da kuwa ba ta burge kowa a ido.

Kujerun yara uku za su shiga baya?

Sau da yawa ba za su shiga ba, kuma wannan ce tambayar da aka fi yin nadama a kanta bayan an biya kuɗi. Takardar talla za ta ce mutum biyar, amma kujerar tsakiya a yawancin motocin nan siririya ce kuma a ɗage take. Maƙalan ƙarfe da ake kira ISOFIX, waɗanda kujerar yaro take kamawa ta manne da jikin mota, galibi a kujerun gefe biyu kawai suke. Ta tsakiya sai dai a ɗaure da bel. Ko kujerun ukun sun jeru, wata matsalar tana nan: yaron da ya girma ya fara ɗaura bel da kansa ba zai iya cusa hannu tsakanin kujeru ya kai ga maɓallin ba.

Sai kuma batun kujerar jariri mai kallon baya. Ƙa'idar i-Size ta Turai ta ce jariri ya zauna yana kallon baya har ya kai aƙalla wata 15, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma tun 2018 take ba da shawarar a bar shi a haka muddin bai wuce nauyi da tsayin da kujerar ta ƙayyade ba. Irin wannan kujera tana cin wuri gaba da baya. A wasu motocin sai an tura kujerar gaba har gwiwar wanda ke zaune ta taɓa dashbod. Idan direba dogo ne kuma akwai jarirai biyu, ɗaya dole ya zauna bayansa, to nan lissafi yake rushewa.

Gani ya kori ji. Ka ɗauki kujerun yaranka na gida ka je da su wurin dila, ka saka su, ka daidaita kujerar direba yadda kake tuƙi. Ka duba yadda ƙofar baya take buɗewa, domin wasu kusan a miƙe suke buɗewa, wasu kuma suna tsayawa a rabi sai ka karkata yaro kafin ya shiga. Ka duba ko akwai hujin sanyi na baya. Kuma kada a taɓa saka kujera mai kallon baya a gaba matuƙar jakar iskar wajen, wadda ke kumbura a lokacin haɗari, tana aiki.

Duk suna cewa taurari biyar suka samu a gwajin haɗari. Ashe duk ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. Da farko ka tambayi shekarar gwajin. Hukumar Euro NCAP mai gwajin haɗarin motoci a Turai, wadda ta fara aiki a 1997, tana tsaurara sharuɗɗanta duk bayan 'yan shekaru, don haka taurari biyar na shekarun baya ba su kai na bana ba. Na biyu, ka tambayi ƙasar da aka yi motar dominta. Suna ɗaya, kamanni ɗaya, amma wadda aka kai wata kasuwa tana iya zuwa da jakunkunan iska kaɗan, ko babu birki mai kama kansa. Taurarin da aka bai wa ta Turai ba su shafi wadda aka rage wa kaya ba.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar mai iyali: wa aka gwada, na gaba ko na baya? An daɗe ana mayar da hankali kan direba. A 2022 cibiyar IIHS ta Amurka ta sabunta gwajin karo ta gaba, ta zaunar da mutum-mutumi mai girman yaro ɗan shekara 12 a kujerar baya. Cikin ƙananan jif 15 da aka gwada a karon farko, biyu kawai suka samu mafi girman maki, Ford Escape da Volvo XC40. Shekara guda kafin nan, da cibiyar ta ƙara nauyi da gudun abin da ke dukan mota daga gefe, Mazda CX-5 ce kaɗai ta yi fice cikin 20. Kamfanoni da dama sun gyara motocinsu bayan haka, saboda haka sakamakon shekarar da za ka saya za ka nema, ba na wancan lokacin ba. Abin tambaya a wurin dila shi ne ko bel ɗin baya yana da na'urar da ke tsuke shi a lokacin karo sannan ta ɗan sassauta don kada ya danne ƙirji, kamar yadda na gaba yake da ita, da kuma ko jakar iskar gefe ta rufe tagogin baya.

Cikin na'urorin taimakon direba, waɗanne ne dole?

Na'urar hana santsi, wadda ke kama birkin taya ɗaya-ɗaya idan mota ta fara kaucewa, ita ce ta farko. Ga mota mai tashi daga ƙasa wadda ta fi salun saurin kifewa, babu sasanci a kanta. Amurka ta wajabta ta daga motocin 2012, Tarayyar Turai daga 2014, amma har yanzu a wasu kasuwanni sai ka duba da idonka. Ta biyu birki mai kama kansa idan ya ga za a yi karo: binciken IIHS ya nuna yana rage dukan mota ta baya da kusan rabi. Ta uku kyamarar baya, domin jif tana ɓoye ƙaramin yaro da ke tsaye a bayanta. Na'urar da ke faɗakar da kai akwai mota a gefen da madubi ba ya nunawa ita ma ta cancanci kuɗinta.

Sauran, kamar mai riƙe layi da mai karanta alamun hanya, ingancinsu ya bambanta ƙwarai daga kamfani zuwa kamfani. Wata tana gyara sitiyari a hankali, wata tana fizgarsa tana kuka har ka kashe ta. A gwajin tuƙi ake gane wannan. Ka kuma sani cewa kyamarar waɗannan na'urori tana manne da gilashin gaba, rada tana cikin bamba, don haka canza gilashi ko gyaran ɗan karo yana buƙatar sake saita su, kuma ba kowane gareji yake da kayan aikin ba.

Ƙaramin inji mai tobo, ko babba marar tobo?

Ga wanda zai daɗe da mota, ni na fi karkata ga marar tobo (tobo na'ura ce da ke tura ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi) idan ana samunsa, irin mai lita 2.5 da ke cikin CX-5 da Forester da wasu RAV4 da Tucson. Dalilin mai sauƙi ne: kayan da za su lalace sun fi kaɗan, zafi da matsi a cikin injin sun fi sauƙi, kuma ya fi yafiya idan an makara wajen juye baƙin mai.

Wannan ba ya nufin mai tobo, kamar lita 1.5 na CR-V ko 1.6 na Hyundai da Kia, ba zai yi ƙarko ba. Yana ja da ƙarfi tun daga ƙasa, kuma a wurare masu tudu sosai inda iska take da ƙaranci ya fi marar tobo numfashi. Sharaɗinsa shi ne baƙin mai irin wanda littafin mota ya ce, a kan lokaci, da fetur mai kyau. Akwai kuma wata larura da ke damun injinan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda: a ƙasashe masu tsananin sanyi, idan gajerun tafiye-tafiye ake yi injin bai ɗau zafi ba, fetur yakan zurara ya gauraya da baƙin mai. An yi ta magana a kan haka game da CR-V na 2017 da 2018, har kamfanin ya fitar da gyara. Irin waɗannan injinan kuma datti yakan taru a bayan bawul ɗin shigar iska bayan shekaru, shi ya sa wasu kamfanoni, ciki har da Toyota, suke haɗa hanyoyin fesawa biyu.

Tambaya guda da ba a cika yi ba: taimin ɗin injin sarƙa ce ko bel? Sarƙa an yi ta ne ta daɗe tare da injin. Bel yana da ranar canji, kuma idan ya tsinke yakan tafi da injin. Bel ɗin da ke gudu a cikin baƙin mai ya fi kowanne buƙatar kulawa.

Me ya sa ake yawan gargaɗi a kan giya?

Saboda bayan inji babu abin da ya kai giyabos tsadar gyara, kuma "otomatik" da dila zai faɗa maka ya ƙunshi abubuwa huɗu da ba su da dangantaka.

Akwai otomatik na asali mai aiki da mai, mai giya shida ko takwas, kamar na CX-5. Shi ne wanda bakanikai suka fi sani, ya fi jure zafi da kaya. Akwai CVT, wanda bel na ƙarfe ko sarƙa ke gudu tsakanin fulai biyu ba tare da matakan giya ba, kamar a CR-V mai fetur da Forester. Yana rage shan mai, amma ba ya son zafi mai yawa ko jan kaya mai nauyi, kuma idan ya lalace sau da yawa canza shi ake yi gaba ɗaya. Na baya-bayan nan sun fi na da inganci, amma man cikinsa na musamman ne, kuma duk wanda ya zuba masa wani daban ya gama da shi. Akwai mai kuloci biyu, kamar DSG na Volkswagen da wanda Hyundai da Kia suke haɗawa da wasu injinan tobo. Yana canza giya da sauri a buɗaɗɗiyar hanya, amma a cunkoso, inda ake rarrafe ana tsayawa, nau'in da kulocinsa busasshe ne yakan yi zafi ya riƙa karkarwa. Wanda rayuwarsa a cikin cunkoso take, ya yi tunani biyu.

Na huɗu shi ne na haibirid ɗin Toyota, wato motar da ke haɗa injin fetur da lantarki, wanda a takarda ake rubuta masa e-CVT har mutane su tsorata. Sunan ne kawai ya yi kama. Babu bel a cikinsa, babu kuloci: haƙoran giya ne da motocin lantarki biyu (ƙananan injina masu aiki da wutar batir) suke raba aiki da injin, kuma yana cikin mafi sauƙin ƙira da ake da su a yau.

Idan aka ce maka man giya na har abada ne, ka tambaya: har abadan wa? Wanda zai riƙe mota shekara goma ya canza shi, musamman idan zafi da cunkoso ne abincin motar kullum.

Haibirid fa? Ina jin tsoron batirin.

Tsoron yana da tushe amma ya tsufa. Toyota Prius ta fara fita a 1997, kuma direbobin tasi a manyan birane da dama sun yi shekaru suna gasa wa irin waɗannan motoci aiki. Batirin haibirid ba a cika shi taf, ba a kuma ƙarar da shi, kwamfutar motar tana riƙe shi a tsaka-tsaki, wannan ne sirrin daɗewarsa. A Amurka, daga motocin 2020, Toyota tana ba shi garantin shekara 10 ko mil 150,000, wato kusan kilomita 240,000. A wata ƙasar sharaɗin daban ne, sai ka karanta naka.

Ribar haibirid a cikin gari take, inda ake yawan tsayawa da tashi. Injin yana mutuwa a tsaye, motar lantarki ce ke tayar da mota, kuma duk taka birki yana mayar da wuta cikin batir, abin da ke sa takalmin birki ya daɗe. A doguwar hanya da gudu ɗaya bambancin yana raguwa. Don haka wanda ke kai yara makaranta ya wuce aiki cikin cunkoso zai ga ragowar mai a aljihunsa, wanda kuma ba ya yawan fita ba lallai ya maido da ƙarin kuɗin da ya biya ba.

Tsarin ba iri ɗaya ba ne. A Honda, injin yawanci wuta yake samarwa motar lantarki na juya taya, sai a babbar hanya ya haɗu da tayoyin kai tsaye. A e-Power na Nissan injin ba ya taɓa juya taya ko kaɗan. Hyundai da Kia kuma injin tobo ne da otomatik mai giya shida da motar lantarki a tsakani. Maƙiyan batirin biyu ne, zafi da ƙura. Akwai ɗan hujin iska kusa da kujerar baya da ke sanyaya shi, yara kan toshe shi da jaka ko bargo, tacensa kuma yana son sharewa. Abu na ƙarshe, kuma shi ne mai yanke hukunci: akwai wanda ya iya gyaranta a inda kake zaune? Idan babu, ingancin motar ba zai amfane ka ba ranar da fitila ta kama a dashbod.

Wadda ake yi wa caji kuma tana shan fetur, ko mai lantarki zalla?

Dukansu sun dogara ga abu ɗaya: kana da wurin caji a gida da wuta tsayayya? Idan kana da shi, mai caji da fetur za ta yi maka zirga-zirgar yau da kullum da lantarki, ta ajiye fetur don doguwar tafiya. Idan ba ka da shi, nauyin babban batir kawai za ka yi ta ɗauka, kuma adadin shan mai da aka rubuta a takarda ba za ka taɓa ganinsa ba.

Sai na sayi mai jan taya huɗu?

Yawancin iyalai ba sa buƙata. Yana taimakawa wajen tashi a laka, yashi, ƙanƙara ko hawa mai santsi. Ba ya rage tazarar tsayawa ko da taƙi ɗaya, wannan aikin taya ne. Yana ƙara nauyi da shan mai da mayukan da za a canza, kuma a wasu motocin idan taya ɗaya ta fashe bayan sauran sun ci rabi, sai an canza biyu ko duka huɗu don kada bambancin girma ya wahalar da tsarin.

Idan hanyarka marar kwalta ce, ka fara duba tashin mota daga ƙasa. Forester tana da kusan milimita 220, kuma tayoyinta huɗu suna ja kullum. A yawancin sauran, na gaba ne ke aiki sai sun zame na baya su shigo. A RAV4 haibirid ma babu sandar da ta haɗa gaba da baya, wata motar lantarki ce daban ke juya tayoyin baya.

Yaya zan kwatanta girman but?

Kada ka kwatanta lita da lita sai ka tabbata hanyar awo ɗaya ce, domin wasu har rufi suke aunawa, wasu iya bakin taga. Ka je da keken jariri ka saka. Sannan ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka ga me ke ciki: safaya, ko kwalbar gam da ɗan famfo? Wasu haibirid sun ba batir wurin safaya. Gam yana toshe hujin ƙusa, amma tayar da rami ya yaga ta gefe ba ta da magani sai wata. Da iyali a mota, da dare, a hanya mai nisa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sabon samfuri ya fito bana. In saya, ko in ɗauki wanda ake shirin daina yi?

Kamfanoni kan sake fasalin mota gaba ɗaya duk bayan shekara biyar ko shida, su ɗan gyara ta a tsakiya. Shekarar farko ita ce aka fi samun ƙananan kurakurai da kiran a dawo da motoci don gyara. Ta shekara ta uku ko ta huɗu an riga an gano lagonta, kayan gyaranta sun yaɗu, bakanikai sun saba da ita. Ga mai neman ƙarko, wannan ta fi. Inda zan karya wannan ƙa'idar shi ne idan sabuwar ta zo da ci gaba na gaske a kariyar kujerun baya, ko kuma tsohon injin aka saka a sabon bodi.

Dogon garanti yana nufin motar ta fi inganci?

Yana nufin wa zai biya idan ta lalace, ba ko za ta lalace ba. Kia tana ba da shekara 7 ko kilomita 150,000 a Turai. A Amurka Hyundai da Kia suna ba inji da giya shekara 10 ko mil 100,000, amma ga mai saye na farko. Toyota a ƙasashen Turai da dama tana sabunta garanti shekara-shekara har zuwa goma, da sharaɗin a wurinsu ake yin sabis. Ka karanta abin da aka cire, ka ajiye kowace takardar sabis, kuma ka tabbata motar ta hannun wakilin kamfani ta shigo, domin garantin wata ƙasa sau da yawa ba ya bin mota ya tsallake iyaka.

Wane mataki na kayan alatu ya fi dacewa?

Na tsakiya, kusan ko yaushe. Na sama yakan zo da rim mai inci 19 ko 20 da siririyar taya: kyau a ido, tauri a baya, tsada a wajen canji, saurin lanƙwasa a rami. Inci 17 ko 18 ya fi wa iyali. Rufin gilashi yana rage tazarar kai, yana ƙara zafi, kuma magudanan ruwansa sukan toshe bayan shekaru. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Allon taɓawa shi ne abin da ke saurin tsufa a mota. Ka nemi wadda take karɓar Android Auto da Apple CarPlay, masu nuna wayarka a kan allon, domin wayarka za ta riƙa sabuntuwa allon yana nan yadda yake. Ka kuma fifita wadda sanyi da ƙarar rediyo suke da maɓallan hannu. Wannan ba son tsohon yayi ba ne: Euro NCAP ma ta sanar cewa daga 2026 za ta riƙa la'akari da ko sigina da oda da waifa da fitilar haɗari suna da maɓallai na zahiri.

Me zan lura da shi a gwajin tuƙi?

Ku je ku biyu idan ku biyu za ku riƙa tuƙa ta, kowa ya zauna a sitiyari. Kujerar da ta dace da dogo tana iya hana gajere ganin gaban bonet. Ka kashe rediyo ka saurari ƙarar taya da iska a babbar hanya. Ka bi hanya mai gargada, ka shiga cunkoso ka ji yadda giya take a rarrafe, ka yi ribas ka faka a matsattsen wuri. Sannan ka ba wani sitiyarin ka koma baya ka zauna, inda yaranka za su yi shekaru. Wasu motocin tagar bayansu ƙarama ce kuma a sama take, yaro ba ya ganin waje, abin da ke ƙara masa jiri da amai.

To a ƙarshe wacce ta fi?

Babu ɗaya tilo, amma kowacce tana da halinta da aka san ta da shi. RAV4 da CR-V sun yi suna wajen ƙarko da riƙe daraja idan an zo sayarwa, CR-V kuma tana da yalwar baya. CX-5 ta fi daɗin tuƙi da kyan ciki, ta biya wannan da ɗan matsatsi a baya a tsofaffin samfuranta. Forester tana da manyan tagogi da gani ta ko'ina, ta kuma fi jin daɗin hanyar ƙasa. Tucson da Sportage, waɗanda 'yan gida ɗaya ne a ƙarƙashin bodi, suna ba da kaya da yawa da dogon garanti. Tiguan tana da natsuwa a babbar hanya amma tana son a bi jadawalin sabis ɗinta sau da ƙafa.

Ka tace su zuwa uku, sannan ka bar wurin dila ka je wurin bakaniken da ba ya sayar da mota. Ka tambaye shi wacce ya fi gani a garejinsa da kuma me ke kawo ta, kwana nawa ake jiran fitilar gaba ko bamba ko gilashi. Ka kira kamfanin inshora ka ji kuɗin kowacce. Ka tambayi farashin tayoyi huɗu. Faɗuwar darajar mota galibi ita ce asara mafi girma ga mai sabuwa, amma wanda zai daɗe da ita ta fi masa sauƙi, mai da gyara su ne za su ci kuɗinsa.

Ranar karɓar mota me zan duba, kuma wane jadawalin sabis zan bi?

Ka karɓe ta da rana, ka zagaye fenti da gilasai. Ka gwada lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da wadda ke cikin takardu, ka kuma saka ta a shafin kamfanin ka ga ko akwai kiran gyara da ba a yi ba. A jikin taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2324 na nufin mako na 23 na 2024. Idan sun tsufa, motar ta daɗe a ajiye, sai ka duba batir ma. Ka karɓi makullai biyu, ka kunna makullin yara na ƙofofin baya, ka karanta takardar jikin ƙofar direba da ke nuna iskar taya da iyakar nauyin da motar za ta ɗauka.

A littafin mota yawanci jadawali biyu ne, na tuƙin yau da kullum da na aiki mai tsanani. Idan ka karanta abin da suke kira mai tsanani za ka ga gajerun tafiye-tafiye, yawan tsayuwa injin na aiki, zafi, ƙura da kaya a rufi. Motar da ke kai yara makaranta safe da yamma ta cika yawancin waɗannan sharuɗɗan, don haka jadawali na biyu ne nata.